Matar Da Ta Haɗa Ni Gaba Da Baba Sallau

Wata rana, ana gobe bikin ƙawata, na tafi kitso gidan Uwani a nan Funtua, da littafi a jakata.

Littafin nan na 'yar yayata ne, Nusaiba. Labari ne mai kashi uku, na sihiri da yawon kasada, irin wanda 'yan sakandare suke rububi.

Da farko tsiya nake mata. Na ce ke da girmanki kina karanta tatsuniya. Ta ce, "Anti, karanta shafi goma kawai."

Shafi goman nan ne ya sa na ƙona miya sau biyu.

Labarin wata yarinya ce, Lantana, 'yar masu rini. Wani mugun sarki yana sace inuwar mutane, kuma duk wanda aka raba da inuwarsa, rana na fitowa zai ɓace. Lantana ce ta tashi ƙwato inuwar mahaifiyarta.

Amma ni ba don Lantana nake karatun ba. Don Baba Sallau nake yi.

Tsohon maƙeri ne, gurgu, mai faɗan tsiya. Shi ya koya mata ɗaure iska a cikin gora. Kullum cikin zaginta yake, amma in dare ya yi sanyi, shi zai cire bargonsa ya rufa mata, da safe ya ce zafi ya ji.

Haka kakana yake, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa tsohon nan ya shiga raina.

A ƙarshen littafi na biyu aka nuna cewa akwai maci amana cikin abokan tafiyar Lantana, amma ba a faɗi ko wane ne ba.

Na uku ne a jakata ranar, na ci rabinsa. Na hana Nusaiba zuwa gidana sai na gama, don na san bakinta ba ya riƙe magana. Duk wannan tsaron na yi shi.

Ban san a gidan kitso ƙaddara take jirana ba.

Duk macen da ta taɓa zama gaban Uwani ta san yadda abin yake. Kanki na tsakanin gwiwoyinta, kibiya na hannunta. In kin motsa, ta dungure ki. Ba tashi, ba waiwaye, sai ta ce an gama.

An yi rabin kai, na sunkuya ina karatuna, sai wata mata ta shigo bin layi. Ban san ta ba. Fuskarta ma ban gani ba, ƙafafunta kawai nake gani da ɓawon gyaɗar da take zubarwa.

Ta zauna kusa da ni. Ta leƙo bangon littafin.

"Baiwar Allah, wannan ba shi ne na yarinyar nan mai gora ba?"

Na ce, "Shi ne, Hajiya. Amma don Allah kar ki faɗa min komai, ban gama ba."

Ta ce, "Ai ba abin da zan faɗa. Kawai dai kar ki wahalar da kanki, tsohon nan gurgu shi ne munafukin."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Na yunƙura zan ɗago, Uwani ta danna kaina ƙasa ta ce in zauna daidai, tsaga za ta karkace.

Wallahi da ba don rabin kaina a tsefe yake ba, da na tashi na bar gidan. Haka na zauna ina haɗiyar takaici, ita kuwa ko a jikinta, har ta shiga ba Uwani labarin tsadar tumatir.

Wa ya tambaye ta? Wa ya aike ta? Na roƙe ta da Allah, kuma da kunnenta ta ji.

Bayan biki na koma kan littafin, amma ba da zuciyar da na fara shi ba.

Baba Sallau ya ba Lantana ragowar ruwansa a hamada, na ce ka ji makirci.

Ya goya ta a bayansa, da gurguwar ƙafarsa, suka haye gadar ƙashi, na ce yi ta yi, asirinka ya kusa tonuwa.

Har bargon nan da yake rufa mata na koma ina yi wa wata fassara.

Aka zo babin ƙarshe. Sarkin ya kama Lantana zai yanke inuwarta. Baba Sallau ya rarrafo ya ce a ɗauki tasa a madadin tata. Aka ɗauka.

Gari ya fara wayewa. Tsohon ya zauna a kan dutse, yana yi mata faɗa a kan ba ta iya ɗaure bakin gora da kyau ba, don kar ta lura ƙafafunsa sun fara ɓacewa.

Kun san abin da na ce a wurin?

Na ce, "Ƙarya kake yi, tsohon banza. Wata dabarar ce."

Na juya shafi ina jiran ya dawo da dariyar mugunta.

Bai dawo ba.

Maci amanar wani ne daban. Baba Sallau bai taɓa cin amanar kowa ba. Ya mutu saboda yarinyar nan, ni kuma ina zaune a kan kujerata ina zaginsa.

Na kira Nusaiba. Ta ce, "Anti, kin yi kuka ko? Ni sai da idona ya kumbura."

Ban yi ba. Kukan da na yi littafi uku ina tarawa, an zubar min da shi a gidan kitso. Na koma na sake karanta babin, amma ihu ne bayan hari. Ba a karanta littafi karon farko sau biyu.

Da lokacin sake kitso ya yi na koma gidan Uwani, sai ga matar. Da gyaɗar na gane ta.

Na gaishe ta, na danne zuciyata, na ce, "Hajiya, ashe tsohon nan ba shi ne munafukin ba. Anya kin karanta na ukun?"

Ta yi dariya. "Ni ina na ga lokacin karatu? 'Yata ce na ji tana cewa tana zarginsa. Kuma ke ma dubi idonsa a hoton bangon, ai bai yi kama da mutumin kirki ba."

Ko layi ɗaya ba ta karanta ba.

Zargin 'yarta ta ɗauka, ta haɗa da hoton bango, ta miƙo min a matsayin labari. Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Gyaɗa ta miƙo min.

Na san wani zai ce duk wannan ɓacin ran a kan mutumin da babu shi a duniya? Eh, a kansa. Shi Baba Sallau na takarda ne, zagina bai rage shi da komai ba, kuma na samu shafin ƙarshe da ya wanke shi.

Mutanen da ake kawo mana labarinsu a gidan kitso, a gidan suna, a cikin mota fa? Su wane shafi ne zai wanke su?

Darasi: Kafin ka tsani mutum saboda abin da aka faɗa maka, tambayi mai faɗar ko shi ya karanta. Da yawa bangon kawai suka gani. In ka yarda da su, duk alherin da mutumin ya yi maka makirci za ka gani, har ranar da zai tafi.

Da gangan ban faɗi sunan littafin ba, kar ni ma in zama mai gyaɗa.

Tura wa wanda ka san bakinsa na riga saninsa. In ba ka san kowa ba, tura wa kanka.