Jitocin da Ke Jingine da Bango

Faɗan ya fara ne bayan azahar, a ɗakin da ke bayan bangon falonta. Auta tana guga ta ji muryar namiji tana hawa, ta mace tana tare ta, sannan wani abu mai kama da kofi ya faɗi ya gangara. Ta ɗaga dutsen gugar ta tsaya. Ɗakin nan na yayanta ne, Mai Jita, kuma duk benen an san shi kaɗai yake zaune, ba mata, ba baƙo, ko kyanwa ba ya ajiyewa.

Ta kara kunnenta a bango. Matar tana cewa ita ba baiwar kowa ba ce, in shago ya fi masa gida ya kwashi katifa ya koma can. Sai da maganar ta kai ƙarshe Auta ta gane bakin wa ta fito. Nata ne. Ita ta faɗa wa mijinta haka a makon jiya, a nan inda take tsaye, ranar da ya zuba kayansa a jaka ya koma kwana a shagonsa na gyaran firji. Kofin da ya gangara ma nata ne, ga shi can a kan tebur da tsagewa a baki.

Faɗan ya tsaya cak, ya koma baya, ya sake farowa daga hawan muryar mijin.

Tun suna yara Yaya haka yake da kunne. Mahaifinsu mai gyaran rediyo ne, kuma yayin da sauran yara ke murɗa akwati suna neman tasha, shi tsakanin tashoshi yake tsayawa yana sauraron shuuu ɗin nan kamar ana ba shi labari. Jitarsa ta farko wani makaɗin otal ne ya kawo gyaran wayarta bai dawo ba. Kafin a ce kwabo ya iya ta fiye da mai ita, har otal ɗin ya ɗauke shi. Bai daɗe ba suka kore shi, domin a tsakiyar waƙar masoya ya cusa sukudireba ƙarƙashin tsirkiyoyi, ya matsa jikin lasifika har ta kama ihu, baƙi suka toshe kunnuwa. Mahaifiyarsu ta ce ita dai ta haifi mutum, ba ta san lokacin da aka musanya mata shi da injin niƙa ba.

Daga nan ya haɗa ƙungiyar kiɗan rok da mai ganga da mai kaɗa bes, jitar nan mai kaurin murya. Kiɗansu ba na rawa ba ne. Yakan goga zarto a tsirkiya, ko ya rataya makullai a wuyan jita, ko ya bar amo guda yana gurnani har mutum ya fara jin sa a haƙora. Masu son su ba su da yawa, amma irin masoyan nan ne da ke rubuto wasiƙa daga ƙasashen da ba a taɓa jin sunansu a unguwar ba. Da ƙungiyar ta watse, mai gangar ya ce wa Auta a matakala, yana fita da kayansa, yayanta gwani ne, amma ya fi son sautin mutum a kan mutumin. Ta ɗauka zafin rabuwa ne.

Sai ya koma furodusa, mai ɗaukar waƙoƙin wasu, ya mai da ɗakinsa situdiyo, ya lulluɓe bango uku da katifun soso. Mawaƙa suka riƙa hawowa benen, domin duk wanda ya shiga hannunsa muryarsa takan fito da wani abu da shi kansa bai san yana da shi ba. Suna fita kuma ba sa son komawa. Wata mawaƙiya ta ba da labarin yadda ya bar ta ta shiga gaban makirufo, sannan ya gaya mata a hankali cewa ya ga tsohon saurayinta da wata, ya danna ɗauka. Waƙar ta yi kasuwa. Ita kuwa ko a hanya ta hango shi sai ta tsallaka titi.

Bayan haka ya yi shekaru bai fitar da komai nasa ba. Ya rame, ya daina aski, mutane suka ce rijiya ta ƙafe. A cikin wannan lokacin ne Auta ta yi aure, kuma shi ya zo da kansa ya ce ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa ya zama fanko, ya riga ya yi magana da mai gidan, su tare a nan. Mijinta ya yi ta godiya, yana cewa samun suruki irin wannan sai an tona. Shekara ba ta zagayo ba Yaya ya fitar da faifan da aka ce ya fi duk na baya. Babu waƙa a ciki, babu ganga, sai wani amo mai tashi da sauka kamar numfashin wanda ke danne kuka. Auta ta saurara sau ɗaya gabanta ya faɗi, ba ta san dalili ba, ba ta kuma sake sakawa ba.

Yanzu ta cire dutsen gugar daga wuta, ta yafa mayafi, ta fita baranda ta tura ƙofarsa. Ba ya kulle ta da rana.

Rabonta da shiga ɗakin tun kafin aurenta. Labule a sauke, fanka a kashe duk da zafi, sai ƙananan fitilun na'ura jajaye da korra. Yana zaune ya juya mata baya. Bango uku suna nan da sosonsu. Na huɗun, wanda ya raba shi da falonta, tsirara yake, har fentin an kankare. Jitoci uku ne jingine da shi, kawunansu manne da siminti, kowace da wayarta ta bi ƙasa zuwa na'ura. Babu mai taɓa su, amma tsirkiyoyinsu suna rawa a hankali, domin muryarta tana fita daga lasifika tana kaɗa su.

Ya kashe sautin ba tare da ya firgita ba, ya ce ta zauna, ta yi hattara da wayoyi. Ta ƙi zama. Ta tambaye shi tun yaushe. Maimakon amsa sai ya shiga yi mata bayani, da murnar nan ta mutumin da ya daɗe bai sami mai tambayarsa aikinsa ba. Ya ce bango yana ɗaukar murya ya miƙa wa itacen jita, itace ya miƙa wa tsirkiya, tsirkiya ta yi kuka da kanta. Kukan nan yake ɗauka. Maganar kuwa goge ta yake yi, ba wanda zai taɓa jin sirrinsu, yau ma don yana tacewa ne ta ji. Ya nuna jitar hagu ya ce ya saita ta daidai muryar mijinta, ta tsakiya tata ce, ta ukun kuma ta ƙofa ce da kwanuka.

«Yatsa ƙarya yake yi, Auta,» in ji shi. «Shekara da shekaru ina kaɗa baƙin ciki da yatsa, duk kwaikwayo ne. Wannan kuwa ba wanda ya kaɗa shi.»

Yana magana ya kai hannu ga jitar tsakiya ya murɗa kunnenta kaɗan, ya taɓa tsirkiya, ya sake murɗawa. Tin, tiin, tiiin. Auta ta kasa kunne. Ta san wannan sautin. Ta sha jin sa ta bango tana wanke-wanke, kuma sai yanzu ta lura da ranakun da take jin sa. Ba kullum ba ne. Ranakun da suke faɗa ne, kuma kafin faɗan, tun mijinta bai dawo daga shago ba, tun ita kanta ba ta san ranta zai ɓaci ba.

Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Yaya ya leƙo aron gishiri, ya ce a wuce-wuce ya bi ta shagon da rana ya tarar a rufe, ko lafiya? Ranar da ya tsaya da mijinta a ƙasan bene, ya ba shi labarin yadda Auta ta so ci gaba da karatu, har ta yi kuka da aka sa ranar aure. Ranar da ya yaba sabuwar rigar mijin a gabanta, ya tambayi wa ya zaɓa masa. Ko ɗaya babu ƙarya a ciki. Shagon ya kasance a rufe, ta kuwa yi kukan. Sai dai kowace magana an ajiye ta ne a inda ƙafa za ta taka.

«Kai kake kunna mu,» ta ce. Tana faɗa ta ga tsirkiyar tsakiya ta motsa. Idonsa ma ya kai wurin kafin ya dawo kanta.

Ya ce shi bai taɓa sa mata kalma a baki ba, bai kuma sa wa mijinta ba. Abin da ke cikin tukunya shi ke tafasa, shi murfi kawai ya ɗaga. Ya faɗi haka ne ba da fushi ba, ba da kunya ba, har da ɗan tausayi, kamar likita yana bayanin hoton ƙashi. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ta ga yana sonta. Ya tambaya ko ta ci abinci, ya ce ta rame.

Ta fita ba ta ja ƙofar ba. Ta sauka bene, ta bi titi da takalmin wanka har shagon. Mijinta yana durƙushe a bayan wani firji, hannunsa duk baƙin mai, katifar da ya aro tana naɗe a lungu. Ta ba shi labarin a tsaye. Da farko ya yi dariya, ya ce ita da yayanta duk sai an kai su a duba musu kai. Da ta ambaci maganar karatu da ranar da aka yi ta, dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce ko da an ɗaga murfin, abin da ta faɗa masa ita ta faɗa. Ta ce haka ne, shi ma nasa shi ya faɗa. Ba su shirya ba. Amma ya ce akwai ɗaki a bayan shagon, ƙarami ne, rufin yana yoyo, bangonsa kuma ba kowa a bayansa sai juji. In tana so su gwada a can, su ji ko su kaɗai ma faɗan za su yi.

Washegari da hantsi suka zo da motar kaya. Ba su yi magana a falon ba. Da hannu suke nuna wa juna abin da za a ɗauka, suna tafiya a kan yatsu a cikin gidansu, mijin har da cire takalmi. Ta bangon kuwa shiru, irin shirun da ake jin akwai mai saurare a cikinsa.

Da aka sauke kujera ta ƙarshe, Auta ta tsaya a ƙofar Yaya da makulli a hannu. Kafin ta ƙwanƙwasa ya buɗe, abin sauraro rataye a wuyansa. Ya karɓi makullin, ya juya shi a tafin hannu, ya leƙa matakala inda surukinsa ke jiran ta bai ɗago kai ba. Ta jira ya ba ta haƙuri, ko ya yi musu, ko ya ce ta gaida gida.

«Da kun bari kun shirya a nan, kusa da bango,» ya ce a hankali. «Ban taɓa samun sautin sulhu ba.»