Zanar Kawu da Ɗakin Sanyin Ƙofar Durbi

Muna idar da sallar asuba muka bar Ƙofar Durbi, ni da yayana da direbansa, a tsohuwar a-kori-kura. Kano muka nufa, kuma babu mai walwala a cikinmu. Yayana yana da ɗakin sanyi inda yake ajiye kifin ƙanƙara, matan unguwa na sara a wurinsa. Injin ɗakin ya fara wata sabuwar ɗabi'a: ya tashi, ya yi gurnani kaɗan, ya mutu. Ɗakin kuwa cike yake, katan ɗin da ke bakin ƙofa har ya fara laushi. Mai gyaranmu ya duba ya ce kwamfireso ne ya gaji, a nemo wani. Muka kulle ƙofar, muka bar Kawu yana gadi.

Kawun nan makiyayi ne daga wajen Batagarawa, tsufa ya raba shi da bin shanu ya dawo wurinmu. Yana ji da injin kamar bijimi. Da zafi ya tsananta ya ga rana na dukan akwatin ƙarfen da ke bayan ginin, mai fanka a jiki, sai ya zauna ya saƙa zana da hannunsa, ya kewaye shi tsaf, har da rufi. Duk muka yaba, ni ma na ce aiki ya yi kyau.

Hanya ta canza tun da sojoji suka koma bariki. Shingayen sun ragu, masu tsare su kuma sun koyi gaisuwa, ko da yake hannu bai manta hanyar taga ba. Fastocin 'yan siyasa na nan manne a jikin bishiyoyi, wanda ya ci da wanda ya faɗi duk suna murmushi iri ɗaya. Ramukan titi dai ba su ji labarin sabuwar gwamnati ba. A Charanci muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai tuyar ko shi ma ya shiga tsuke bakin aljihu ne. A Kankiya direba ya sayi man bumburutu, yana ta mita har Bichi. Yayana kuwa kifinsa kawai yake tunani, kuma na tausaya masa ƙwarai.

Hantsi ya ɗaga muka isa Sharaɗa, wurin wani injiniya mai masana'antar ƙanƙara da ke sayar da tsofaffin injina. Da ya ji maganarmu ya ce, “Katsinawa ne, ku zauna a gaisa tukuna.” Bayan ya saurari matsalar sai ya ce ba zai sayar mana da komai ba sai mun zaga mun ga nasa.

Ya fara da kwamfireso, wani dunƙulen ƙarfe mai ruri. Aikinsa matse gas, kuma idan gas ya matsu sai ya yi zafi. Na taɓa bututun da ke fita, na janye hannu ba shiri. Daga nan gas ɗin yake tafiya waje ya huce ya koma ruwa. Ruwan ya bi ta wani bawul mai matsattsiyar kafa, ya fito a fese, nan take ya yi sanyi ƙarara. Sai ya ratsa lanƙwasassun bututun cikin ɗaki, ya kwashe zafin kayan da aka ajiye, ya sake zama gas ya koma wurin kwamfireso. A nan na gane injin ba ya ƙera sanyi. Zafi yake kwasowa daga ciki ya kai waje, kamar mai kwashe ruwan da ya shiga ɗaki da kwano.

Sai muka zaga baya inda ake zubar da zafin. Akwatunan ƙarfe ne masu fankoki, kwandensa ake ce musu, a fili fetal, ko katanga babu kusa. Iskar da suke hurowa ta cire mini hula.

“Wannan in ya rasa iska,” in ji injiniya, “matsi zai hau, wani ɗan makunni ya kashe kwamfireso don kada ya ƙone. Naku a fili yake?”

Na dubi yayana, ya dube ni. Zanar Kawu muka gani a idon juna.

Babu waya a ɗakin sanyin balle mu kira. Ko gurasar da na ƙwallafa rai a kanta ban tsaya saye ba, muka juyo da mota wayam. Abin da ya dame mu a hanya shi ne wanda zai buɗe baki ya ce wa dattijo kyautarsa ce ke shaƙe injin. A gidanmu ba a yin haka. Yayana ya ce ni ne ƙarami, an fi yafe mini. Na ce ai kifin nasa ne.

La'asar sakaliya muka shigo gari. Mun tarar da Kawu yana yayyafa wa zanar ruwa don injin ya ji sanyi. Yayana ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, “Kawu, ka taho ka ji wani abu.” Ya ɗaga gefen zanar, ya tada injin, ya kama hannun tsohon ya kai gaban fankar. Iska mai zafi ta buge shi. Kawu ya daɗe a haka, sannan ya ce a hankali, “Ashe lumfashi shikai. Ko saniya ba a toshe mata hanci.” Da kansa ya kwance igiyoyin, ya hana mu taya shi.

Injin bai ƙara mutuwa ba. Katan ɗin bakin ƙofa ya lalace, sauran kifin ya tsira. Na koyo a tafiyar nan cewa kafin ka ba abu kariya, ka fara tambayar ta ina yake shan iska. Zanar kuwa washegari Kawu ya kafa ta a gaban shago, yanzu a inuwarta matan ke jiran kifinsu.