Ranar da Baba Haruna Ya Hana Ni Fassara

Cikin shekarun da na yi ina aikin tafinta a Kuala Lumpur, ranar da na kai Baba Haruna ruwan zafi ita ce ba ta fita raina ba, kuma ita nake ba duk sabon ma'aikacin da aka turo mini.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfanin namu yana karɓar marasa lafiya daga Najeriya. Tafinta ke ɗauko mutum a filin jirgi, ya sama masa masauki, ya tsaya tsakaninsa da likita, ya kuma rubuta rahoto duk mako.

Baba Haruna ɗan Bauchi ne, tsohon ma'aikacin gandun daji. An yi masa aikin gwiwa, saura kwana goma ya koma gida korona ta sa aka rufe ƙasa. Muka ajiye shi a wani ɗaki a unguwar Sentul. A wata na biyu aka bugo waya cewa matarsa, Hajiya Ladi, ta rasu. Ya yi salati, ya ajiye wayar, daga ranar ya daina motsa ƙafar. Mai gashin ƙashi ta gaya mini ƙarara cewa in ya ƙara wata ɗaya a zaune, gwiwar za ta sandare. Kullum ina fassara masa gargaɗinta kalma bayan kalma, kullum amsarsa ɗaya ce: "To, na ji."

Wata rana ina jera masa magani ya ce, "Malam Nasiru, ƙasar nan ba su da ruwan ɗumi mai fitowa daga ƙasa, irin namu na Wikki?" Abu na farko ke nan da ya tambaya tun rasuwar.

Na sami shugabarmu, Puan Rosnah. Ta ce akwai wani tsohon garin masu haƙar kuza a jihar Perak, wanda tun zamanin kakanninta ake zuwa wanka a ruwan ɗuminsa. Amma a lokacin ba a tsallaka jiha sai da izinin 'yan sanda. Ta ce, "Boleh, zai yiwu. Ka kawo takardar likita. In ya faɗi kuma, ni da kai za mu amsa tambaya." Likita ya rubuta sharuɗɗa: ƙafa kawai, minti goma, kada ruwan ya yi zafi sosai. Kwana huɗu na yi ina bin hatimi.

Muka isa da hantsi. Garin layi biyu ne na tsofaffin shaguna masu tagogin katako, duk a rufe, sai wani kedai ɗaya, wato ɗan shago, da ke sayar da shayi ta taga. Da muka je wurin wankan, sai muka tarar an ɗaure ƙofa da igiya. Ban kira na tambaya ba kafin mu taso, wannan laifina ne.

Mai gadin wurin, wani tsoho da ya ce in kira shi Pak Mat, ya auna zafin jikinmu, ya karanta takardunmu, ya girgiza kai. Ya ce tafkunan wankan a rufe suke, ba zai buɗe ba. Amma ya ce ruwan yana malala ta bayan shinge zuwa wata 'yar magudana, can ba wanda ya hana. Matsalar ita ce hanyar matakala ce ta duwatsu, keken guragun da na turo Baba a kai ba zai bi ba.

Na gaya wa Baba, ina jiran ya ce mu juya. Ya daɗe yana kallon tururin da ke tashi ta bayan bishiyoyi. Sai ya ce, "Miƙo mini sandata."

Ni a dama, Pak Mat a hagu, muka sauka. Sau uku Baba yana tsayawa, gumi ya jiƙa takunkuminsa. Da ya zauna ya tsoma ƙafa, ya yi ajiyar zuciya, sai hawaye. Ya ce, "Shekarar da muka yi aure na kai Hajiya Wikki. Tsoron ruwa take ji, ƙafa kawai ta sa." Ya ci gaba da ba da labarinta, ba ni yake kallo ba, Pak Mat yake kallo.

Pak Mat ya tambaye ni me yake cewa. Na buɗe baki zan fara aikina, Baba ya dafa hannuna.

"Bar shi, ɗana. Ya gane."

Pak Mat ya cire takalmi, ya zauna nesa kaɗan kamar yadda doka ta ce, ya tsoma tasa ƙafar. Baba na magana da Hausa, shi yana gyaɗa kai. Minti goman likita suka wuce, na ƙara musu biyar, na kuma rubuta hakan a rahoto. Puan Rosnah ta karanta, ta sa hannu.

Bayan sati biyu Baba yana zagaya farfajiyar gidan da sandarsa. Da aka sami jirgin kwashe 'yan Najeriya, da ƙafarsa ya shiga.

Wata uku na yi ina isar masa da maganar likita daidai, ban taɓa zama na ce ya ba ni labarin matarsa ba. Na ɗauka aikina magana ne. Shi ya sa nake gaya wa na bayana: ku iya harsunan da kyau, amma mutumin da aka ba ku ba gwiwa kaɗai ya kawo ba. Ku tambaye shi wa ya baro a gida, in ya fara faɗa kuma ku yi shiru.