Malam Ila, Mai Lallashin Kwalta

Da an idar da sallar asuba Malam Ila ba ya komawa gida. Yakan zarce gindin darbejiyar nan ta Kurmin Mashi, inda ya shekara talatin da huɗu yana wankin mota, ya buɗe akwatinsa na ƙarfe, ya fiddo tsummokaransa ya shanya a igiya. Duk tsofaffin singileti ne na auduga, an wanke su fes. Sai ya cika durom biyu da ruwa, ya miƙa wa mai shayi kofinsa, ya zauna a benci yana jiran abin da Allah zai kawo. A watan gobe zai ajiye aikin, don gwiwoyi sun ce sun gaji da tsuguno. Shi ya sa ya kamata a faɗi alherinsa yanzu, yana ji da kunnensa.

Masu wankin mota a Kaduna sun fi a ƙirga, amma abin da ya fitar da Malam Ila daban shi ne kwalta. Duk direban da ya taɓa bi ta inda ake zuba sabon titi ya san takaicin baƙin ɗigo-ɗigon nan da tayoyi ke fesa wa mota, tun daga ƙasan ƙofa har bayanta. Ruwa da sabulu ba sa ce mata komai. Masu gaggawa sai su ɗauko fetur, ko reza, ko soson waya, su kankare kwaltar su haɗa da fentin. Garin neman gira a rasa ido.

"Kwalta ba a faɗa da ita," in ji Malam Ila. "Lallashinta ake yi, kamar tsohuwar da ta yi fushi."

Lallashin kuwa yana da ƙa'ida. Ba ya taɓa motar da ta sha rana, sai ta huce a inuwa. Zai fara wanke ta tas, don ƙwayar yashi ɗaya a cikin tsumma ta isa ta zana fenti. Sannan ya ɗiga kananzir a wani lungu da ido ba ya gani, ya ga ko fentin zai ɗauka. In ya ɗauka, sai ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan kwaltar, ya koma benci ya kurɓi shayinsa. Idan ta yi laushi ya share a hankali, gefe ɗaya, yana juya tsumman. Motar da fentinta ya tsufa kuwa man gyaɗa yake sa mata, komai daɗewar da za a yi. A ƙarshe ya sake wankewa da sabulu, ya shafa man goge mota. Direbobin tasha suna tsokanarsa cewa mai kai wa Ila mota ya tafi da tabarma da guzuri. Shi dai dariya yake yi, don gobe su ne a layi.

Sanda mai faci, wanda rumfarsa ke manne da wurin, shi ya fi kowa riƙe labaran Malam Ila. Wanda ba ya gajiya da bayarwa shi ne na Habibu direba.

Shekara tara ke nan. Habibu mutumin Funtuwa ne, ya sha zaman banza kafin ya samu aikin tuƙa Hajiya Harira, mai sayar da atamfofi a Babbar Kasuwa. Sati uku da fara aiki, har ya ɗauko iyalinsa ya kama musu ɗaki a Mando. Ran nan Hajiya ta aike shi da sabuwar motarta fara sol, ya yanke ta wani layi da ake zuba wa kwalta don ya yi sauri. Da ya tsaya ya duba, sai ya ga kwalta ta yi wa motar ɗigo-ɗigo. Wani mai ba da shawara kyauta a bakin titi ya rantse masa cewa man birki na cire kwalta nan take, Habibu kuwa ya shafa a ƙofar baya. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba: man birki da fentin yake tafiya.

Habibu ya iso gindin darbejiya gumi na tsiyaya. Malam Ila ya tsuguna a ƙofar baya, ya shinshina, ya suri bokiti ya sheƙa wa wurin ruwa, ya ƙara, ya ƙara. Amma aikin gama ya gama. Wuri kamar faɗin tafin hannu ya riga ya yamutse.

"Baba, ka rufa mani asiri," in ji Habibu. "Wallahi in Hajiya ta gani, yau ɗin nan za ta amshe makullinta. Mi zan ce ma iyalina?"

"Zauna ka sha ruwa, ɗana. Kwaltar tawa ce, bar ni da ita."

Tun hantsi yake abu ɗaya har aka kira la'asar. Sanda ya ce ya ƙirga tsumma goma sha ɗaya da suka koma baƙi ƙirin. Motar ta fito tana ɗaukar ido, ko ɗigo babu, in ban da tabon man birkin nan da ya zauna daram. Habibu ya zagaya ta sau biyu, sai dabara ta faɗo masa. Ya ce zai sayo sitika mai "Allah Ya kiyaye hanya" a manna a wurin, Hajiya ma sai ta yaba.

Malam Ila ya dube shi ya girgiza kai. "Addu'a za ka sa ta yi maka gadin ƙarya? Sitika damina ɗaya take yi ta ɓare, ran nan kuma ba tabon Hajiya za ta gani ba, kai za ta gani. Tashi mu je, ni zan raka ka."

Ya kulle akwatinsa, ya bar motoci biyu suna jira, ya shiga gaba. A shagon Hajiya, Habibu ya durƙusa ya ajiye mata makullin, ya faɗi komai da bakinsa, har yanken hanyar bai ɓoye ba. Hajiya ta fito ta duba ƙofar, ranta ya ɓaci ƙwarai, ta yi faɗa har maƙwabtan shago suka leƙo. Malam Ila ya bari sai da ta sauke, sannan ya ce, "Hajiya, fenti kwana biyu mai fenti zai yi ya mayar. Direban da zai kawo miki laifinsa da ƙafarsa kuwa, ban san inda ake sayar da shi a kasuwar nan ba." Sai ta miƙa wa Habibu makullin, ta ce ya je ya ɗauko mata kaya a tasha, kuma ya bi tsohuwar hanya.

Malam Ila, kai ne mai hannu da sanyi. Kai ne ka nuna mana cewa abin da ƙarfi ke ɓatawa haƙuri na gyara shi, ba kuma da wa'azi ka nuna ba, da tsumma da kwalbar kananzir. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ba wanda ya rataya maka lambar yabo, amma motocin da ka ceta daga hannun masu reza sun isa su cika titin Mando. Muna son ka, kuma za mu yi kewar ganinka a bencin nan.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba gwiwoyin nan lafiya, Ya sa ka ci gajiyar guminka cikin rufin asiri. Ku kuma masu sana'a, kafinta ne kai ko tela ko bakanike, ku leƙa Kurmin Mashi kafin wata ya mutu, ku ga yadda ake riƙe kayan mutane da mutuncinsu.

Habibu har yau shi ke tuƙa Hajiya Harira, mota ta uku ke nan. A makon jiya matarsa ta haifi namiji, ya zo da kansa ya ɗauki Malam Ila zuwa wurin suna, ya zaunar da shi kusa da liman. Tsohon yana ta raba dabino bai san dawan garin ba, sai ya ji an ɗaga murya an ce sunan yaro Isma'ila, wato sunansa na yanka. Ya ajiye farantin, ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana share ido da bakin rigarsa.