Igiyar Goni Ta Daina Kuka

Malam Goni ɗan shekara sittin da ɗaya ne, kuma shi ne babba cikin masu gyaran rijiya a Kademi. Kayan aikinsa ba su da yawa: gungumen marke da ya naɗe da yankakkiyar tsohuwar taya, da igiyar rama mai kaushi. Yana ɗora gungumen a bakin rijiya, ya zagaya masa igiyar, sai robar ta kama ta. Da wannan kamun mutum ɗaya ke iya sauke zoben kankare a hankali har ƙasa. Idan igiyar na goga robar, kuka take yi mai cika kunne.

Ƙanensa Bala ne ke shiga ciki yana daidaita zoben. A ƙasan rijiya babu wurin gocewa.

A watan jiya suka je aiki Toranke, gidan wani manomi mai suna Maiwada. Kukan igiyar ya dami mai gidan, yana ganin wahala Goni ke sha. Da suka tafi sallar azahar, sai ya tatso baƙin mai daga babur ɗinsa, ya zuba a kan robar, ƙarƙashin naɗin igiyar, bai gaya wa kowa ba.

Da suka dawo, Bala ya sauka. Aka turo zobe ya rataya a kansa. Goni ya sassauta igiya, bai ji kuka ba. Sai sulɓi.

Ya danƙe ta da hannu biyu, ya tokare ƙafarsa da gungumen. Igiyar ta ci gaba da zamewa tana cin tafinsa.

"Yaya, sauri kake yi? Ko tuwo na jiranka ne?" Bala ya faɗa daga ƙasa.

"Rufe baki ka kwanta!" in ji Goni. "Wa ya taɓa itacen nan?"

Maiwada ya matso. "Ni ne, Malam. Mai na sa, don ka huta."

"Yashi! Zuba yashi a kan robar!"

Maiwada ya cire hularsa ya dinga kwasowa daga tulin yashin gini yana watsawa. Zoben ya ƙara nutsawa. Jini ya ɓata igiyar. Can sai ta yi ƙara siririya, sannan ta ɓarke da kukanta. Zoben ya tsaya, yana lilo a saman Bala, har hannunsa na iya taɓa shi.

Goni bai zagi Maiwada ba. Ya ce niyyar alheri ce ta kawo haka.

Ranar Asabar da ta wuce, hannayensa naɗe da tsumma, ya yaye tsohuwar robar, ya naɗa sabuwa. Ya sunsuna ta, ya ja igiya ya saurara, sannan ya ce wa Bala ya sauka.