Jan Sa Daga Gadaka

Na kwana biyu a hannun hukuma, na kuma biya kuɗin saniyar da ban sata ba. Ni na sayar da ita a karar shanun Potiskum. Daga baya aka ce ta sata ce, aka ce in kawo wanda ya ba ni ita, na kasa tuna shi.

Ni dillali ne. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Shekara talatin da ɗoriya a kaina nake riƙe komai. Idan mutum ya ɗaure dabba a turkena, ni nake tsaya masa, ni kuma nake tsaya wa mai saye. In magana ta taso, ba a neman kowa sai ni. Na ga shekarun da muke fitowa kasuwa ba mu san ko za mu koma gida ba, na binne abokan sana'a da hannuna, amma kaina bai taɓa ba ni kunya ba sai bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da ni wata biyu. Na tashi, sunaye suka fara zubewa.

Shugaban dillalai ya kira ni gefe. Ya ce, "Mun san ka, mun san ba halinka ba ne. Amma in aka sake, sai dai ka cire turkenka." Baki goma sha ɗaya ne ke ci daga turken nan.

'Yata ta fari tana aure a Nangere, tana riƙe wa wani shagon magani lissafi da kwamfuta. Ta zo gida da waya mai shafawa, ta durƙusa ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Baba, daga yau duk dabbar da aka ɗaure maka, ka ɗauke ta hoto."

Na ce, "Saniya ce fa, ba amarya ba."

Ta ce, "Baba, ai amarya ba ta taɓa sa an kulle ka ba."

Ta so in riƙa ɗaukar mai dabbar ma. Nan na ce ba zai yiwu ba. Makiyayi ba ya sayar da saniyarsa yana murna. Ciwo ne ko wata lalura ke koro shi, kuma ba ya son a sani. Shi ya sa muke faɗin farashi a kunne. Wanda ya ɓoye buƙatarsa ba zai ba ka fuskarsa ba. Sai ta ce to murya fa? Ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, ya ce dabbar tasa ce. Ni in danna, in tura mata.

Haka muka fara. Laraba ina kara, Alhamis tana shigar da komai a kwamfuta. Kowace dabba da lambarta, ranar da ta zo, wanda ya kawo, wanda ya saya, motar da ta ɗauka, da la'adata. Watan farko na ɗauki hoton babban yatsana ya fi sau goma. Kuma daga hagu nake ɗauka, don nan na saba tsayawa, alhali tambarin lalas na wasu garkunan a cinyar dama yake. Ta gyara ni ba tare da ta ɗaga murya ba. Masu dabbobi kuwa na yi musu alkawari cewa muryarsu ba za ta fita daga aljihuna ba sai in wuya ta yi wuya.

Bayan shekara guda, da kaka, wani Bafulatani mai kimanin shekara arba'in ya kawo jan sa mai tsagar kunne daga wata ruga ta wajen Gadaka. Ni Babarbare ne, akwai wasa tsakaninmu. Da na miƙa masa waya, sai ya ce, "Kai bawana, yanzu har muryar ubangidanka za ka sa a aljihu?" Na ce, "Ita kaɗai ce mai daraja a jikinka, yi magana." Ya yi dariya, ya faɗa da sauri yana waige. Fatake suka saya, aka loda sa Kudu.

Mako uku bayan haka wani dattijo ya zo da shaidu biyu. Ya ce jan sansa ya ɓata, kuma an gan shi a turkena. Kafin ka ce wani abu rumfar shugaba ta cika. Waɗanda muke shan fura tare suka tsaya suna kallon ƙasa. Shugaba ya ce, "Wa ya kawo maka?" Na laluba kaina, babu kowa a ciki. Na ce a ba ni minti kaɗan.

Na kira 'yata. Ta tambayi launi da alama, na ji tana danne-danne. Ta ce, "Baba, jajaye biyu ne a watan nan, mai tsagar kunne ɗaya ne. Ga shi nan na turo." Na matsa nesa na saurara ni kaɗai. Sunan uban da mutumin ya faɗa, shi ne sunan da dattijon ya ba shugaba ɗazu.

Da a ce na kunna a rumfa, da na fita fes a gaban kowa. Da kuma kafin la'asar duk kara ta san ɗan wane ya saci san ubansa. Na koma na ce wa dattijon, "Baffa, zo mu ga wani abu." Shugaba ya ce a nan za a yi. Na ce a yi mini haƙuri.

Na kai shi bayan wata tirela, na nuna masa hoton, ya ce shi ne. Na ɗora masa waya a kunne. Ya ji, ya ce in sake. Da ya ji na biyu, sai ya tsuguna ya dafa sandarsa. Ya ce, "Matarsa ce ba lafiya. Ya roƙe ni, na hana." Sannan ya ɗago ya ce, "Wa ya ji wannan?"

Na ce, "Ni da kai, sai 'yata."

Ya miƙe ya koma rumfa da kansa. Ya ce, "Na janye. San nan ba a sace shi ba, dillali ba shi da laifi." Shaidunsa suka so magana, ya daka musu tsawa da Fulatanci. Shugaba ya tambaye ni abin da na nuna masa. Na nuna hoton da ranar da aka kawo sa, na ce sauran na mai shi ne. Ya dube ni, ya dubi dattijon, ya ce kowa ya koma bakin cinikinsa.

Ban iya godiya da baki ba. Ranar Juma'a na sayi karsana na aika mata Nangere. Ta kira tana cewa ya yi yawa, na ce katinta na ƙarewa, na kashe. Allah Ya yi mata albarka, ita da wanda ya sa ta makaranta, don ba ni ba ne, mahaifiyarta ce ta dage.

Yanzu dillalai huɗu ne ke tura mata, suna biyan ta, ni ba ta karɓar nawa. Sunaye har yau suna zube mini, na daina jin tsoron hakan. Ina nan a kara duk Laraba, a turkena, kusa da inda ake loda motocin Kudu.