Rakiyar Rijistara Maitama

Shekara goma sha tara Malam Maitama ya yi yana rubuta sunayen masu ƙananan laifuffuka a wata kotun majistare a Kano. Wanda ya ajiye mota inda bai kamata ba, wanda ya baza kaya ranar tsaftar muhalli, wanda akuyarsa ta cinye wa maƙwabci zogale, duk ta ƙarƙashin alƙalaminsa suka wuce. Shi kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa rubuta nasa sunan ba, kuma yakan faɗi haka ko ba a tambaye shi ba.

Da matarsa Hussaina ta samu tallafin karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, sai ya ajiye aiki, suka bar 'yarsu Ulfa wajen kakarta, ya biyo ta. A takardar zama an rubuta cewa shi ne ake ɗauke da nauyinsa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "To, Dakta, a Kano ni ne maigida, a nan kuma gwamnati ta ba ki riƙona. Sai a riƙa ba ni abinci a kan lokaci."

A hawa na sha huɗu suke zaune, a unguwar Sri Petaling. Da annoba ta zo aka kulle gari, sai tsohon aikinsa ya biyo shi har baranda. Dokoki na sauyawa kusan duk mako, ɗalibai 'yan gida kuwa sun ji labarin akwai wani dattijo da ke karanta su kamar mai shirin jarrabawa. Tun daga hantsi waya ba ta hutawa.

"Baba Rijistara, idan takunkumin ya rufe baki bai rufe hanci ba, rabin tara ce?"

"Cikakkiya ce, ɗan nan. Ringit dubu da ɗari biyar. Hancin naka ba na wata ƙasa ba ne."

"Baba, in na je tapau, wato ƙunso abinci, wajen mamak mai shagon abinci, na ɗan ɗanɗana a tsaye fa?"

"An ce ka ƙunso ka tafi, ba a ce ka buɗe ba. Ka ɗanɗana a ɗakinku."

Wata ta tambaya ko kilomita goman da aka yarda a yi nisa da gida a miƙe ake aunawa ko da kwana-kwana. Ya ce, "Ɗan sandan da ya tare ki, shi ke riƙe da ma'aunin. Ki zauna a gida."

Bayan la'asar, in ruwa ya ɗauke, tururi ya fara tashi daga kwalta, sai waya ta yi shiru, shi kuma ya buɗe tasa kotun. A nan ba rijistara ba ne, shi ne alƙali. Jirgin ƙasa ya wuce a kan gadarsa ba kowa a ciki, ya tuhume shi da yawo ba dalili. Gizagizai su taru a kan dogayen benayen tsakiyar gari, ya tuhume su da taro ba tazara. Hankaki biyu da ke sauka a kan ƙarfen baranda kullum, ba takunkumi, ya gaji da ja musu kunne. Amma a wannan kotu ba a rubuta sunan kowa. Ya saurara, ya girgiza kai, ya sallami mai laifi. Wani lokaci hazon kan yi kauri har benaye su ɓace, sai ya ga kamar lungun Yakasai ne a ƙasa, ga mahaifinsa riƙe da hannun baƙo, suna tafe a hankali, ba su iso ba kuma ba su ɓace ba.

Don akwai abu ɗaya da Maitama ya gada wanda doka ba ta iya masa ba: rakiya. Mahaifinsa bai taɓa sallamar baƙo a zaure ba, sai ya ga ya hau abin hawa. Ɗan ya ɗara uban. Kafin annoba ya taɓa cewa wani ɗalibi, "Bari in taka maka zuwa tasha." Hira ta yi daɗi, sai ga su can tsakiyar gari, a Bukit Bintang. Ɗalibin ya ji kunya ya rako shi gida, shi kuma ya sake taka masa.

A watan Yunin 2021 aka sake kulle gari gam. Saura wata huɗu Hussaina ta gama, takardun zamansu kuma wata mai zuwa za a kai sabuntawa. Wasu na cewa takardar tara na hana sabuntawa, wasu na cewa ƙarya ce. Wannan ce tambaya ɗaya da Rijistara ba shi da amsarta. Hussaina ta ɗago daga kwamfuta ta ce, "Abban Ulfa, shekara huɗu na yi a kan littafin nan. Abu ɗaya nake roƙo. Kada a rubuta sunanka a ko'ina."

"Ni? Dakta, ni da nake hana mutane?"

"Kai ɗin dai."

A makon ne Alhaji Alkasim na hawa na tara ya ce zai koma gida gaba ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana sayar wa ɗalibai yaji da kuka da huluna, annoba ta kori masu saye. Shi ne ya tarbi su Maitama a filin jirgi ranar da suka sauka, shi ya koya masa cin shinkafar kwakwa ba tare da ya yi hawaye ba. Ya samu takardar izinin 'yan sanda ta zuwa filin jirgi, amma an toshe hanyar unguwa da waya mai ƙaya, motar haya sai can bakin babban titi za ta jira shi.

Da safe ya hawo yin sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa. Aka yafi juna. Maitama ya zura takalmi.

"Ina zuwa?" in ji Hussaina.

"Bakin lif kawai."

A bakin lif ya ga jaka biyu ce, mutum ɗaya. Ya ɗauki ɗaya, ya ce to, zuwa ƙasa. A ƙasa ya ce zuwa get. A get Alkasim ya tuno masa ranar da suka ɓata suna neman masallacin Kampung Baru, suka zagaya rumfar mai gasa kifi sau uku har mutumin ya ba su kujera. Labari irin wannan ba a yanke shi a tsakiya. Maigadi ya yi magana, ba wanda ya ji shi.

Titi fayau, shaguna a rufe, ba motsi sai ganye. Rana ba ta yi zafi ba, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. Maitama bai san lokacin da hannunsa ya kama na Alkasim ba, kamar yadda ake yi a gida. Bai san lokacin da dariya ta zame da takunkuminsa zuwa haɓa ba. Ji yake kamar ba taka ƙasa suke yi ba, kamar titin ne ke tafiya da su, kuma in suka sha kwanar can Ƙofar Mata za su gani.

Da suka sha kwanar, laima suka gani, da tebur, da ɗan sanda.

Dattijo ne mai furfura a gira. Ya duba takardar Alkasim, ya ce, "Boleh," wato an yarda, ya nuna masa motar da ke jira, taku hamsin a gaba. Sannan ya juyo.

"Kai kuma ina taka takardar?"

Maitama ya ja takunkumi sama, ya saki hannun Alkasim, amma an riga an gani. Ga littafin tara a buɗe a kan tebur, ga biro a kai. Layukan ma irin na nasa littafin ne na Kano. Fuskar Hussaina ta faɗo masa, da tarin takardunta.

"Ka san abin da ka yi?" in ji ɗan sandan.

Shekara sha tara ba ta bar shi ya yi ƙarya ba. Ya miƙe tsam kamar a gaban alƙali ya ce, "Uku ne, ranka ya daɗe. Fita ba dalilin da doka ta sani. Rashin tazara. Takunkumi a haɓa. In an biya cikin kwana bakwai, rabi ne."

"Lauya ne kai?"

"Ɗan rakiya ne," in ji Alkasim. "Yallaɓai, a garinsu ba a barin baƙo sai ya hau mota. Ciwo ne, ba ya jin magani."

Ɗan sandan ya dubi Maitama. Ya ce, "Mu ma muna rakiya. Amma iyakarmu bakin ƙofa." Ya ɗauki biro, ya nuna farin layin da ke gaban shingen. "Ka juya daga nan, ban gan ka ba. Ka taka layin nan, in rubuta ukun, tunda kai ka ƙirga."

Taku hamsin. Maitama ya dubi motar, ya dubi layin. Mahaifinsa bai taɓa juyawa daga rabin hanya ba. Ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta, ta tsaya a iska.

"Rijistara," in ji Alkasim a hankali, "ba ni jakar. Ka je ka gai da Dakta."

Ya miƙa masa. Ƙafar ta koma inda ta fito.

Da ya shiga gida Hussaina na tsaye a baranda, daga nan kuwa har laimar ana hangowa. Ba ta yi faɗa ba. Hannu kawai ta miƙo.

"Ina takardar?"

"Babu. Ba a rubuta ni ba."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna. Sai ta lura bai cire takalmi ba, kuma ko zolaya ɗaya bai yi ba tun shigowarsa. Ta ɗauki wayarsa, ta kira Alkasim, ta damƙa masa.

"Ka ƙarasa rakiyarka, amma a cikin gidan nan."

"Alhaji, kun kai ina?"

"Yanzu muka hau babban titi."

"To mu je. Ina muka tsaya? A mai gasa kifi."

Ya fara tafiya, daga ƙofa zuwa baranda, daga baranda zuwa ƙofa, taku sha ɗaya-sha ɗaya. Alkasim na faɗa masa abin da ke wucewa: gonakin kwakwar manja, gada, wani shingen, wasu gonakin. Hannun Maitama na dama a ɗan buɗe yake a gefensa, kamar da wani hannu a ciki. Hankakan nan biyu suka sauka suna bin sa da ido, bai tuhume su da komai ba. Kusan awa guda yana tafe, Hussaina na buga littafinta, in ya zo wucewa ta janye ƙafa.

Can Alkasim ya ce, "Ga ni a ƙofar shiga, Rijistara. Ka koma haka nan, ka yi nisa."

"Allah Ya kiyaye hanya. A gai da mutanen gida."

Ya tsaya a tsakiyar falo yana haki, ya cire takalmi. Ya ce, "Dakta, kilomita nawa ne zuwa filin jirgi?"

"Sun fi arba'in."

"Goma aka yarda." Ya girgiza kai irin na alƙali. "An sallami mai laifi. A ba shi abinci."